Wanda Ya Kashe Kifin Kawu Kyari

Ku matso nan kusa in faɗa muku, don maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Tun da aka watse daga zaman makokin Kawu Kyari mata suke tare ni a bakin rijiya, kowace da guntun labarinta, wata ta ce sammu ne, wata ta ce taɓuwa ce ta same shi a ƙarshe. Na gaji da gyara musu guntu-guntu. Ni Fanna, 'yar ƙanwarsa, ni na zauna da shi gida ɗaya tun da mijina ya rasu, kuma ko ba na fita, kunnena yana fita. Yau zan zazzage muku duka. Wanda dariya ta kama shi ya yi abarsa, ni ma sai na yi kafin hawaye su zo.

Kun dai san shi. Duk Birni, unguwarmu ta cikin ganuwar Damagaram, babu wanda bai san mutumin da ba a gaisawa da shi a tsaye ba. Kowa aka ce masa ina kwana sai ya ce lafiya lau, ko da a kan ƙaya ya kwana. Ban da Kawu! Shi a wurinsa wanda ya yi tambaya amsa yake so, kuma ƙarya haramun ce ko a gaisuwa. Wata safiya ina shara a bayan zaure na ji liman ya tsaya.

"Malam Kyari, ina gajiya?"

"Tana nan, Liman. Jiya ma ta haihu."

"Subhanallahi. To, ya iyali?"

"Wane iyali? Bazawara ɗaya ce ta rage mini, ita ma gishiri take cika wa miya."

Ni ke nan fa, ina riƙe da tsintsiya ina ji.

Liman ya ce, "Sai haƙuri, Malam."

Kawu ya ce, "Shi ma ya ƙare tun shekarar da Nasara suka shigo. In kana da saura ka aiko mini."

Daga ranar liman ya koyi dabara. Daga nesa yake ɗaga hannu ya ce "mun gaishe ka," ya ƙara sauri. Unguwa duka ta ɗauka. Kawu kuma ya dawo yana ƙorafi wai mutanen yanzu ba su da zumunci, ba mai tambayar lafiyar wani.

Sai maganar ruwa. Kun san yadda ruwa yake a Damagaram, ba sai na faɗa muku ba, amma Kawu ya wuce kowa. Bai taɓa yin alwala a fili ba, sai a gindin lemo. Ruwan da na wanke gero da shi, akuya ta sha, abin da ta rage ya tafi kan albasa. Akwai wani ɗan'uwanmu da ya zo daga Damagaram Takaya, ya sha tafiya, na kawo masa ruwa a ƙwarya. Bawan Allah ya kurkure baki ya tofar a ƙasa. Kawu ya dafe ƙirji.

"Haba ɗan'uwa! Ga barkono nan a gefenka yana kallonka tun da ka zauna, ka ɗauka ka ba ƙasa? Ƙasa ta roƙe ka?"

Baƙon ya sake kurkurewa, ya miƙe, ya je ya tofa wa barkono, har da cewa a yi haƙuri.

Ba rowa ba ce tsagwaronta, ku yi masa adalci. Garkar nan da ke bayan gidanmu, jikin ganuwa, ita ce cinmu da suturarmu. Albasa, barkono, lalle, gwanda, da lemon tsami guda da kakanmu ya dasa. Abin da ke riƙe da su duka wani ɗan tabki ne a tsakanin manyan duwatsu biyu, faɗinsa bai fi ɗaki ba. Damina ta cika shi, kuma akwai ɗan tsattsafo daga ƙarƙashin dutse da ba ya barinsa ya ƙafe ko da bazara. Ba tabki, ba garka. Ba garka, ba mu.

Kifin kuwa kyauta ce. Wani bafatake mai kawo kanwa daga gabas ya zo masa da tarwaɗa mai rai a cikin tulu, wai a dafa masa da yaji, maganin ciwon ƙugu ne. Na riga na hura wuta. Kawu ya leƙa tulun, ya daɗe yana kallo.

"Duk tafiyar nan a bayan jaki ba ta kashe ta ba, sai ni? Fanna, kashe wutarki."

Ya juye ta a tabki, ya sa mata suna Magira, wai ga gashin baki ga ƙasaita, sarautar uwar sarki ce kawai ta dace da ita. Ƙugu ya ci gaba da ciwo, Magira ta ci gaba da ƙiba. Gara yake tono mata da kansa. In ya bubbuga dutse da sanda sai ka ga ta taso, baƙa wuluk, ta kusa tsawon hannu, tana motsa gashin baki kamar mai sauraron ƙara.

Ana nan sai Nasara suka fito da dokar sauro. Kun tuna, ai har randunanku aka kifar. Lokotoron bariki, wato likitan Nasara, ya ce duk ruwan da ke kwance shi ke haifar da tsutsar sauro, aka sa gardi, dogarin Nasara, yana bi gida-gida. Namu gardin shi ne Dogo, wanda yake jin bakin Nasara kaɗan-kaɗan. Rami ko kududdufi, in an ga tsutsa, sai a cike. Ran da suka zo garkarmu ina laɓe a bayan zana. Lokotoro ja ne jawur, da hula kamar an kifa akushi. Ya tsoma wani ɗan butali, 'yar kwalba, a tabki, ya ɗaga sama yana dubawa a hasken rana. Ya sake tsomawa a wani gefen. Babu tsutsa ko ɗaya. Yana cikin mamaki sai Magira ta taso ta buɗe masa baki. Ya yi tsalle baya, sannan ya fashe da dariya, ya yi ta magana.

Dogo ya ce, "Baba, ya ce kifin nan ne yake cinye tsutsar. Ya ce muddin yana raye tabki ya zauna. Ran da babu kifi, a cike."

Suna fita na yi guɗa. Kawu ya harare ni.

"Murnar me kike yi? Ba ki ji ba? Mu da albasa da lemo duk an rataye mu a gashin bakin tarwaɗa. Wannan abu ba zai ƙare da kyau ba."

Daga nan gatan Magira ya ninka. Ya kafa mata rumfar zana saboda rana. Ya hana ni wanki a kusa. Da bazara ta yi tsanani, ruwa ya ja ƙasa, gefen tabkin ya fara zubewa, sai ya jiƙa makuba, ɓawon ɗorawan nan da muke daɓe da yaɓe da shi, ya kwaɓa da jar ƙasa ya shafe bakin tabki kaf, ya goge har yana sheƙi. Bai bar ni na sa hannu ba, wai hannuna na da gishiri. Abin da ya rage, da yake ba ya zubar da komai, ya hau ya yaɓe rufin ɗakinsa da shi. Mutane har zuwa kallo suke yi, suna cewa ko soron attajiri bai sami wannan gyara ba.

Ruwan farko ya sauka da la'asar, mai ƙarfi, har tabki ya tumbatsa. Washegari da hantsi ina dama koko na ji muryarsa. Ba ihu ya yi ba, da ma ihun ya yi.

"Fanna. Fito ki ga abin da na daɗe ina faɗa."

Magira tana kwance a kan ruwa, farin ciki a sama. Inna lillahi! Ni ba kifi na gani ba, garka na gani a bushe. Kawu ya shiga har ƙugu ya rungumo ta, ya shimfiɗe a kan dutse. Ya buɗe bakinta, ya ɗaga kunnuwanta, ya shinshina, ya juya ta gaba da baya. Ba rauni, ba cizo, ba kumburi. Jiya-jiya ta ci gara a hannunsa.

Da ya gama dubawa na ce, "Kawu, tun ba ta lalace ba, ko in ɗora tukunya?"

"Ki fara da ni. Na fi ta tsufa, zan fi daɗewa a wuta."

A gindin gwanda ya binne ta.

Kafin azahar Dogo ya iso, don a Birni ko kaza ta yi tari sai an ji. Kawu bai bar shi ya gama sallama ba.

"Kai ne! Man fitilar da kuke zubawa a kududdufai, shi ka zuba mini."

"Baba, ka ji tsoron Allah. Da na zuba, ai da an ji warinsa har Dakusa. Duba ruwanka, akwai maiƙo?"

Babu maiƙo. Dogo ya zauna a kan dutse, ya cire jar hularsa, ya yi ƙasa da murya. Ya ce lokotoro ya tafi rangadi ƙauyuka, sai ya dawo za a kai masa labari. Ya ce, "In wani ne ya yi maka ɓarna, ka gano shi. Nasara yana son a kawo masa mai laifi, wataƙila ya ɗaga maka ƙafa har ka samo wani kifin. In kuwa ruwan ne ya lalace da kansa, ka san sauran."

Za ku ce me ya hana a nemo wata tarwaɗar. A ina? Fataken gabas sun daina zuwa tun da aka kwashe musu dabbobi don aikin bariki. Tabkunan kusa da gari kuwa yanzu suka sami ruwa, ba komai a ciki sai kwaɗi. Mu mutanen Birni ne, kakanninmu da fatauci suka zo daga Barno, busasshen kifi muka sani a kasuwa. Ba wanda ya taɓa riƙe ƙugiya a zuriyarmu.

To, Kawu ya shiga neman mai laifi, kuma bai yi nisa ba. Na farko ni. Wai ruwan tokar da nake wanki da shi ne ruwan sama ya gangaro da shi. Na biyu Malam Tanko baduku, maƙwabcinmu, abokin dararsa tun suna samari. Laifin Tanko shi ne ana jibi za a yi ruwa ya leƙa tabki ya ce, "Kai, wannan kifi ya yi ƙiba!" bai ce tubarkalla ba. Kawu ya ce baki ne, kuma kowa ya san bakin dukawa da kaifi.

Na yi kuka, na rantse. Tanko ya yi fushi ya ɗauke darar daga zaurenmu. Kawu ya ce rantsuwa da fushi ba shaida ba ne, shi shari'a zai yi. Ya ɗauki ƙwarya ya fita, tsoho da gemu fari, ya tsuguna a bakin kududdufin bayan masallaci yana kamfatar 'yan kwaɗin nan masu wutsiya da ke fitowa bayan ruwan farko. Masu wucewa suna kallo, ba mai ƙarfin halin tambaya. Ya dawo ya jera ƙore a inuwar zaure, kowace da 'yan kwaɗinta. Ya ce abin da ya kashe mai iyo babba zai kashe mai iyo ƙarami.

Ƙwaryar farko tawa ce: ruwan rijiya, ya tsiyaya ruwan tokata a ciki. Ta biyu ta Tanko ce, ruwan rijiya zalla, sai an kawo bakin. Ta uku ya ce ita ce shaida, wadda za a gwada sauran da ita, don haka sai ruwan da ba hannun ɗan Adam a cikinsa. Ya ɗebo daga tulun da ya tara a ƙarƙashin indararon ɗakinsa. "Wannan daga sama ya zo kai tsaye," in ji shi. "Ba Fanna, ba Tanko, ba Nasara."

Sai aka aika a kira Tanko. Ya zo yana huci, da zaren jima a wuya.

"Kyari, akushi ɗaya muka ci tuwo tun ba mu da gemu. Yau ni ne maye?"

"Ban ce maye ba, na ce baki. In ba ka da laifi, yabi waɗannan."

"In yabi me?"

"'Yan kwaɗi. Kuma kada ka ce tubarkalla."

Tanko ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya leƙa ƙwarya ya ce a daƙile, "Sun yi kyau."

"Ba haka ka faɗa wa Magira ba. Da sha'awa ka faɗa, har da haɗiyar yawu. Sake."

Tanko ya tattare riga, ya durƙusa, ya ware murya har matan maƙwabta suka ji: "Kai! Kai! Waɗannan 'yan kwaɗi sun yi ƙiba! Kamar a soya a ci da yaji!"

"Yawwa," in ji Kawu. "Yanzu zauna mu ga aikinka."

Wallahi na tura zane a baki don kada dariya ta fito, ga hawaye bai bushe mini ba.

Muka zauna mu uku muna gadin ƙore. 'Yan kwaɗina suna ta iyo a ruwan toka kamar an yi musu biki. Na Tanko har sun fi nawa kuzari. Sai Tanko ya miƙa wuya ya ce, "Kyari, shaidunka fa?"

Ƙwarya ta uku shiru. Duk sun juya ciki sama.

Kawu ya ce raunana ne tun asali, ya zubar, ya koma bayan masallaci ya kamfato wasu, ya sake ɗebo ruwan indararo. Ba a jima ba su ma suka bi 'yan'uwansu. Tanko ya kasa haƙuri.

"To, Alƙali, masu laifi suna iyo, shaidu sun mutu. Sai a aika a kamo sama."

Kawu ya janyo ƙwarya ta uku. Ya ɗaga ƙwaryar zuwa haske. Ruwan ba fari ba ne, ja-ja ne kamar jiƙon magani. Ya tsoma yatsa ya lasa, na ga bakinsa ya tsuke saboda bauri. Ya ɗaga kai ya dubi indararo, ya dubi rufin ɗakinsa da ke sheƙi. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe a hankali ya nufi garka, muka ji ƙwas, ya dawo da ɓallin yaɓen bakin tabki a hannu. Ya ɗauki ƙwaryar Tanko, wadda 'yan kwaɗinta suka sha yabo ba abin da ya same su, ya marmasa yaɓen a ciki.

Muka zuba ido. Ruwan ya fara rinewa. Ƙananan suka yi ta zagaye da sauri, sannan a hankali, sannan ɗaya bayan ɗaya suka daina.

Kawu ya ce, "Ni ne."

Tanko ya ce, "Ƙaddara ce, Kyari. Wa ya taɓa jin makuba na kisa? A kanta muke kwana, a kanta yara ke rarrafe."

"Ƙaddara ba ta jiƙa makuba ba. Ni na jiƙa, ni na kwaɓa, ni na goge har yana sheƙi. Da na bar Magira a cikin taɓonta da yanzu tana nan." Ya juyo wajena. "Fanna, ki yafe mini. Tanko, bakinka lafiya lau, wari kawai yake yi."

A nan ne na durƙusa masa. Na ce Kawu, don Allah don Annabi, mu uku ne muka sani. A kankare yaɓen, a kwashe ruwan, a ce wani ɗan hassada ne ya jefa abu ta kan ganuwa, ba a gan shi ba. Dogo ya ce in ɓarna ce za a ɗaga ƙafa. Tanko ma ya ce, "Ko ka ce bakina ne. Nasara bai san baki ba, me zai yi mini? Ya ɗaure mini leɓe?"

Kawu ya girgiza kai. Abin mamaki, fuskarsa ta ɗan saki, irin sakin da ban taɓa gani ba.

"Ku ba ku san shari'a ba. An ce a kawo mai laifi, ga shi an samu. A gaban alƙali, in mutum ya yi ɓarna shi ake hukuntawa, ba a hukunta rijiya. Ruwa ba shi da laifi, na tabbatar. Ni za a kai kaso, tabki ya zauna. Ina ɗaure albasa za ta ƙi girma ne?"

Ran da aka ce lokotoro ya dawo, Kawu ya yi shirin ɗauri sosai. Ya naɗe tabarma da buzu, ya rataya buta, ya ƙulle garin yaji a gefen rawani wai an ce abincin kaso lami ne. Ya zagaya da ni garka yana nuna mini wanda ake ba ruwa da safe da wanda ake ba da yamma. Ya yi sallama da maƙwabta gida-gida. Tanko ya bi shi ɗauke da ƙwaryar 'yan kwaɗi da ɓallin yaɓe. Ni ban je ba, kun san ƙafata ba ta wuce rijiya, amma Tanko da Dogo duk sun ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

A biro, ofishin Nasara, lokotoro ya tambaya ina mai laifin. Kawu ya ajiye tabarma ya nuna ƙirjinsa. Ya sa aka kawo ruwa, ya yi gwajin nan a gaban Nasara tun daga farko. Lokotoro ya sauko daga kujera ya tsuguna, ido kamar zai faɗa ƙwarya. Da 'yan kwaɗi suka juya ciki sai ya tafa hannu. Ya tambayi sunan itacen, ya sa Dogo ya maimaita masa ɗorawa har ya iya faɗa. Ya kira wani Nasaran daga ɗaki na kusa ya zo ya gani. Ya dafa kafaɗar Kawu yana ta zuba magana, ya ɗauko dunƙulen sukari ya danƙa masa.

Dogo ya ce, "Baba, ya ce kai mai hankali ne, bai taɓa ganin irinka ba a ƙasar nan. Ya ce ba kaso, ka tafi gida."

"Ka ce masa na gode. Tabki fa?"

Dogo ya tambaya. Lokotoro ya ɗaga gira, ya faɗi 'yar gajeriyar magana.

"Ya ce akwai kifi a ciki?"

"Babu. Amma ka gaya masa ruwan ba shi da laifi, ni ne..."

"Baba, ya ce babu kifi, a cike."

Ina tsakar gida na ga ya shigo da tabarmarsa a hammata, sukari a tafin hannu ya fara narkewa. Ya miƙo mini.

"Ungo. Kuɗin garkar kakanki ke nan. Ko ɗauri ban isa a yi mini ba."

Amma Kawu ne fa, bai sallama nan take ba. An ce ya cike, ya ce to. Kullum da safe sai ya ɗauki ludayin shan fura, ya ɗebo yashi cikinsa, ya taka har bakin tabki ya zuba, ya dawo ya zauna. Dogo ya zo dubawa ya tarar da ruwa yadda yake.

"Baba, ba a ce ka cike ba?"

"Ina cikewa. Yau ma na zuba. Tambayi Fanna, ni ba na ƙarya."

"Da ludayi?"

"An faɗi abin da za a yi, ba a faɗi ma'auni ba."

Dogo ya juya baya kafaɗunsa suna rawa don dariya. Allah ya saka masa, ya kau da kai iyakar iyawarsa. Tanko ya aika saƙo gabas ta bakin duk wanda ya ji zai nufi can, ko a dace da tarwaɗa, ba wanda ya dawo da komai. Tsutsa kuwa, ita makuba ba ta dame ta ba. Ta cika ruwan har yana motsi da kansa. Wata safiya Dogo ya zo da 'yan kaso da kwanduna, bai yarda ya haɗa ido da mu ba. Kafin azahar wurin ya zama fili, har an daddaɓe.

Damina ta riƙe garkar zuwa kaka. Daga nan sai muka koma jido daga rijiya, ni da shi, tulu-tulu, ga nisa ga layi. Albasa ba a ma dasa ba. Barkono ya tafi, gwanda ta bi. Lemon ya fi su taurin kai, irin gidan ne, sai da bazara ta yi nisa ya zubar da ganye. Kawu ya daina fita zaure. A kan dutsen nan yake wuni, yana kallon yashi. Abinci sai na yi da gaske yake taɓawa, kuma ko sau ɗaya bai ƙara cewa gishiri ya yi yawa ba. Ni wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Da ya kwanta ciwon da bai tashi ba, Tanko yana gefensa kullum. Ana gobe zai cika ya kama hannun Tanko ya ce yana da wasiyya. Na matso, na zaci maganar gida ce.

"Tanko, ka sanar da mutane. A faɗa a masallaci. Duk mai kifi, kada ya kai makuba kusa da ruwansa."

Tanko ya ce, "Kyari, wa ke da kifi a Birni?"

Kawu ya rufe ido. "Abin da ke cina ke nan. Duk rayuwata abu ɗaya na gano da kaina, kuma ba mai bukatarsa."

Tanko ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya rufe fuska da hannun riga.

Allah ya jiƙan Kawu Kyari. Allah ya yafe masa kaifin harshe, ya dubi tsarkin zuciyarsa, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi daga ruwan da ba mai ikon cewa a cike. Mu da muka rage, Allah ya rufa mana asiri.

Yanzu ni kaɗai ce a gidan, ina kaɗi ina saƙa, ina aikawa a sayo mini albasa a kasuwa kamar kowa. Abu ɗaya ne ya ƙi barina. 'Yar ƙarya ɗaya na roƙe shi, wadda ba za ta cuci kowa ba, wai wani ne ya jefo abu ta kan ganuwa. Wataƙila da an ɗaga mana ƙafa, wataƙila da tarwaɗa ta samu, da yanzu yana zaune a inuwar lemo yana zagin miyata. Shi ya ƙi, ni kuma har yau ban daina jin haushinsa ba, ban kuma daina jin kunyar kaina ba. Ku da kuka san shi, ku faɗa mini tsakaninku da Allah: ran nan a zaure, ni da shi, wa ya kamata ya bi maganar wani?